Yatsa na Biyu a Wayarki

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a busasshiyar zuciyata, inuwar da nake nufa in rana ta take, telar da ta ɗinke ni tsaf ba tare da ta ɗauki awona ba,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, irin wadda ake yi kai a sunkuye. Yau kwana tara ke nan rabona da muryarki. Kwana tara! Sau biyu ina zuwa ƙofar gida, Yayarki ta fito ta ce kina barci, alhali ina jiyo ƙarar keken ɗinkinki daga ɗaki, ƙarar da ko cikin kekuna ɗari zan tsince ta, don ke kaɗai ce ke taka keke kamar kina jin haushinsa. Ban ga laifin Yaya ba, abin da aka aiko ta ta faɗa. Ummata kuma kullum sai ta tambaye ni ina 'yarta tela, me ya hana ta leƙowa, ni kuwa sai in hau sosa ƙeya ina cewa aiki ne ya yi miki yawa. Don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Abu ɗaya nake tsoro a duniya yanzu, kada in rasa ki a kan waya, ni da nake cin abinci da waya.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ki ƙarƙashin matakalarmu ta benen masu waya? Nan teburina yake, tsakanin mai sayar da caja da Dattijo mai gyaran waya, wurin da mutum biyu ba sa tsayawa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Kika shigo da ledar yadi a ka, gefen mayafinki na ɗiga, kika tsaya kina kallona ina liƙa wa wayar wani mutum gilashin kariya. Na goge fuskar wayar da tsumma, na bi ta da sitika ina tsince ƙura ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗauke numfashi na sauke gilashin a hankali. Kika tambaye ni dalilin daina numfashin, na ce miki ƙwayar ƙura ɗaya in ta maƙale a ƙasa sai ta tayar da kumfa, aikin ya tashi a banza. Da na ɗauko waya ta biyu na ɗago ido, sai na ga ke ma kin riƙe naki numfashin, kumatunki sun cika fam kamar na ƙaramar yarinya. Wayyo ni! Wace mace ce za ta taya baƙo riƙe numfashi a kan wayar da ba tata ba, ba tasa ba? A ranar kika laƙaba mini Likita, har yau kuma mutanen matakala da shi suke kirana.

To ga inda Likitanki ya fara ɓata rawarsa. Wata biyar da suka wuce kika zo mini ranki a dagule, da rigunan yara uku a leda. Wata mata ce ta dawo miki da su. A hoton da kika tura mata ruwan ƙasa ta gani, da aka kai mata sai ga ruwan hoda, ta ce kin yaudare ta, har ta yayata ki a wajen ƙawayenta. Ƙaramar wayarki ce ta yi miki wannan aika-aika, ita da take mayar da shuɗi baƙi, ta mayar da fari ruwan toka. A kan teburina kuma akwai wata babbar waya ta wani mai kuɗi, mai idon kyamara uku a baya, kika taɓa gefenta da ɗan yatsa kika tambaye ni nawa take. Ni kuma me na yi? Dariya na yi! Ban tsaya nan ba, har na kira Dattijo ya zo ya ji. Na ce kuɗinta zai biya mini hayar ɗaki shekara biyu har a ba ni canji. Na ce wannan ta masu kuɗin da ke yi musu ƙaiƙayi ce, talakan da ya saye ta hawan jini ya saya da kuɗinsa, don kullum hannunsa na kan aljihu, ko atishawa ya yi sai ya duba ko ta tsage. Na bugi ƙirji na ce ni nan ina taɓa ashirin irinta a rana, ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni sha'awa ba. Na yi ta zuba kamar an kunna rediyo, ina jin daɗin bakina.

Kika ninke rigunanki kika ce, "Tambaya kawai na yi, Likita." Ban ji komai a cikin maganar ba, har raka ki na yi bakin titi ina ci gaba da wa'azina.

Bayan wata uku sai muryarki ta canza a waya. Wani ba zai lura ba, amma ni kunnena na sana'a ne. Da can in kina magana kamar daga cikin tulu kike, da shuu a bayanki, sai ga shi rana ɗaya muryarki ta fito tas, har ƙarar almakashinki ina ji. Na tambaye ki, kika ce ƙila layi ne ya gyaru. Sannan layinki ya koma kashewa daga Litinin zuwa Laraba, kowane mako, ba fashi. In kira da safe a kashe, in kira da azahar a kashe, ran Alhamis ki kira ni da fara'arki kamar ba abin da ya faru. Ya ke farin watana, kin san abin da kwana uku ke yi wa zuciyar mai kishi? Na aurar da ke ga mutum bakwai a cikin kaina. Na saya musu motoci, na gina musu benaye, na tsane su ɗaya bayan ɗaya. Ina liƙa gilashi hankalina na wajenki, har sai da na ɓata na mutane huɗu a mako guda, abin da rabona da shi tun ina koyo.

Sai wata ranar Alhamis kika iso teburina, kika buɗe jaka, kika ajiye ta a gabana. Mai ido uku! Gilashinta ya tsage a kusurwa. Kika ce ta aiki ce, za ki ba ni labari in na gama, amma in taimaka in yi sauri. Na ce to, ina murmushin yaƙe. Wa ya saya miki? Wane mai hannu da shuni ne ya ga abin da na gani a ƙarƙashin matakala, ya zo da abin da ba ni da shi? Ban tambaya ba. Da na tambaya da yanzu ba na zaune ina cizon biro.

Kin san irin waɗannan wayoyi, in an canza musu gilashi sai an sake ɗaukar zanen yatsa, in ba haka ba sai su riƙa gardama. Kika sa lambar sirri, na shiga wurin ajiye zanen yatsa, sai na ga yatsu biyu a ajiye. Na ɗaya, na biyu. Na ce a raina ƙila duka naki ne, dama da hagu. Sai na yi miki dabarar sana'a, na ce ki ɗora yatsunki ɗaya bayan ɗaya wai gwaji nake yi, don wayar tana haska sunan yatsan da ta gane. Babban yatsanki na dama ya haska na ɗaya. Na bi sauran tara da ido, har ɗan ƙaramin da allura ta huda, na biyun nan bai motsa ba. Ashe akwai wani mahaluki a duniyar nan da wayarki ta san fatar hannunsa, take buɗe masa ba sallama, ba tambaya! Kika ce bari ki haura sama ki sayo zif kafin in gama, kika bar ni da ita a buɗe.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, don ko shi sai ya yi mamakin saurina. Na goge yatsa na biyu. Da na ga gurbin ya zauna fayau sai zuciya ta ce mini, to wa ya fi ka cancanta? Na ɗora babban yatsana ina ɗagawa, ina ɗorawa ina ɗagawa, har ta cika ta ce ta karɓa. Wallahi ban buɗe saƙonki ko ɗaya ba, ban leƙa hotunanki ba, ban ma yi niyyar sake taɓa ta ba. So nake kawai in kwanta da sanin cewa ni ne na biyunki. Kika dawo da zif ɗinki, kika yaba aikin, kika ce labarin sai an zauna don mai kaya na jiranki. Kwana huɗu ina yawo a gari ina kallon babban yatsana kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Ran Litinin da hantsi sai ga ki, da wani dogo a bayanki, rigarsa a goge, yana ƙanshin sabuwar fata. Kika ce, "Likita, ga maƙwabcina mai takalma. Tunda aka sa gilashin nan yatsansa ya daina buɗewa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kai ba ka aikin banza."

Ya miƙo mini wayar. Ni kuma na karɓa yadda nake karɓar waya ɗari a rana, yatsu huɗu a baya, babban a kan fuska. Hannu ya riga tunani. Ta yi ɗan motsi a tafina, ta buɗe.

Dattijo ya ajiye abin ƙona dalmarsa, mai caja ya sami abin dubawa a ƙarƙashin teburinsa. Kika dubi wayar, kika dubi yatsana, sannan kika dube ni, da idanun nan da na saba ganin safiya a cikinsu. Ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga.

Kika ce, "Ni sai da na sayar da ƙaramar wayata da tsohon kekena kafin in sa yatsa a nan. Shi ya sayar da babur ɗinsa. Kai me ka sayar?"

Kika juya kika tafi, ko zif ɗin jakarki ba ki ja ba.

Mai takalma ne ya zauna a kan bencina ya warware mini sauran. Ya ce shi ma hoto ne ke kashe masa kasuwa, baƙin takalmi da ruwan ƙasa duk ɗaya suke fitowa. Ya yi shekara yana zagaya wayar nan, ke ma kina zagaya ta, kowa kuɗinsa ya gaza, har ranar da kuka yi zancen a bakin shago kuka ce to a haɗa. Ba ma sabuwa ba ce, ta hannu ce, amma duk da haka sai da mutum biyu suka tattara abin da suka mallaka kafin ta sauko. Litinin zuwa Laraba tasa, Alhamis zuwa Asabar taki, Lahadi ta wanda ya yi sabon kaya. In tana hannunsa sai ya kashe layinki don kada ya ga abin da ba nasa ba. Ya ce kin so ki gaya mini tun farko, amma kin ce Likita zai tara miki jama'a ya yi dariya.

Sannan ya miƙo hannu, don aikin da ya kawo shi bai ƙare ba. Ni da kaina na goge yatsana. Ni da kaina na kama babban yatsan mutumin nan, na ɗora shi a kan gilashin da na liƙa da numfashina a ɗauke, ina juya masa shi gefe da gefe don ta kama da kyau. Na duba yatsan nan ina neman aibu, ko datti a farce, ko kaushi, ko karkata, ban samu ba. Da muka gama ya ciro kuɗi zai biya, na ce ya bar shi, ya dafa kafaɗata ya ce kowa na kuskure, kada in sa a raina. Kin ji mugun mutum! Da ya zage ni da na sami abin riƙewa, in kwana ina tsanarsa da hujja. Sai ya tafi ya bar ni da kirkinsa a wuya, na kuma bincika na ji ko aure bai yi ba.

Kada ki zaci wai da na ji gaskiya kishin ya kwanta. Ƙarya zan yi miki in na ce haka, ni kuma na gama yi miki ɓoye-ɓoye. Da can da inuwa nake kishi, yanzu an ba inuwar tsawo da ƙanshi da shago jikin naki. Lokacin da wayar ta buɗe a hannuna, kafin in ɗauke ido na ga hoto ɗaya. Ke ce, kin ɗaga wata 'yar riga mai ruwan hoda, ruwan hoda na gaskiya wannan karon, kina dariya har haƙoranki na gefe sun fito. Da hannu biyu kike riƙe da rigar, ya rabin raina. Hannu biyu! To wa ya riƙe wayar? Wa ya ce ki matsa hagu kaɗan haske ya faɗo miki? Me ya faɗa da ya ba ki wannan dariyar, wadda ni sai na yi wata ina haƙilo kafin in samu irinta? Kwana uku a kowane mako fuskarki na cikin aljihun rigarsa, a kan ƙirjinsa, tana hawa mota tare da shi, tana jin bugun zuciyarsa, hotunanki na gogayya da hotunan takalma. Ina kishin aljihun. Ina kishin cajar da kuke karɓa-karɓa, ina kishin safiyar Alhamis da yake miƙo miki ita da ɗumin jikinsa a bayanta. Har takalman nan ina kishi, su da ba su san darajar maƙwabtan da suka samu ba.

Ran Juma'a na yi abin da ban taɓa yi ba. Na wanke hannu, na haura bene, na shiga babban shagon nan mai sanyi da ƙofar gilashi, wanda shekara shida ina liƙa wa wayoyinsa kariya ban taɓa taka shi a matsayin mai saye ba. Na tambayi kuɗin irin taki, sabuwa da ta hannu, a raina ina cewa ko rabon mai takalma ne in saye in sallame shi. Mai shagon ya san ni. Ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji, wai Likitan ƙarƙashin matakala ne ke taya mai ido uku. Suka yi dariya, irin wadda na yi miki sak, har da riƙe ciki. A nan na san abin da kika haɗiye ranar da kika ninke rigunanki. Na sauko ina lissafin gilasai nawa zan liƙa kafin in kai rabin, na ga ko na daina cin abincin rana na koma tafiya a ƙasa, sai gashina ya fara fari. Teburina da kayan kansa gaba ɗaya ba su kai kuɗin ido ɗaya cikin ukun ba. Dattijo ya ce in yi haƙuri, nan da shekara biyu za ta tsufa kuɗinta ya faɗo. Shekara biyu a aljihun mai takalma! Na ce masa ya ci gaba da gyaransa kawai.

Don haka ba zan yi miki alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Ba zan iya saya miki ita ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Har gobe ina nan a kan cewa kuɗin wayoyin nan hauka ne, ba a yi su don masu cin guminsu irina da irinki ba. Inda na yi wauta shi ne da na ɗauka duk mai son ta burga yake nema. Ke kayan aiki kika gani, kamar almakashi mai kaifi, kika rasa mai tayawa a wajen wanda ya fi kowa sanin waya a rayuwarki, kika je kika samu a wajen mai takalma. Yaya ta ce tun da kika fara sa sababbin hotuna ba wadda ta sake dawo miki da riga, yanzu har mayar da aiki kike yi. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi, na kuma ji kamar an soka mini allurarki a ƙahon zuci, don ba ni da ko zare ɗaya a cikin wannan nasarar.

Ba zan ce ki rabu da wayar ba, ban isa ba. Ba zan ce ki raba gari da maƙwabcinki ba, ko da yake in Allah ya buɗa masa ya koma wata kasuwa mai nisa, ni ne zan fara taya shi ɗaukar kaya. Ba na kuma neman gurbi a cikinta, na ga yadda gurbin da ba a saya da gumi ba yake ƙarewa. Roƙona ɗaya ne, ya sanyin idona. Ran Asabar ina rufe tebur da la'asar. Ki bar ni in zo shago in zama mai riƙe miki waya. Ke za ki buɗe ta da yatsanki ki miƙo mini, in ta rufe in miƙo miki ki sake buɗewa, ko sau ɗari ne ba zan gaji ba. Hannuna ba ya rawa in hankalina a kwance yake, kin shaida. Ni zan ce ki matsa hagu, ni zan jira haske, in kuma akwai dariyar da za a yi a hoton, a bar ni in nemo ta da kaina.

In kin yafe, kada ki kira ni, kada ki turo saƙo. Ki yagi gefen takardar awo ki rubuta ko kalma ɗaya ce, ki ba Yaya, zan zo in karɓa a bakin ƙofa. In ma ba ki yafe ba, ta nan nake so in ji. Yau Laraba, wayarki na aljihun wani, duk abin da na tura can zai kwana a ƙirjinsa kafin ya iso gare ki. Shi ya sa na sayi takarda da biro, na zauna ina ɓata shafi bayan shafi. Ina so a ce akwai abu ɗaya tsakanina da ke wanda yatsan kowa ba ya buɗewa sai naki.

Naki jiya, naki yau, naki ranakun da layinki ke kashe da ranakun da yake kunne, wanda ba zai duba wata ba ko da za ki bar shi tsaye har tsufa,

Likitanki na ƙarƙashin matakala.